Mai asibitin haƙori: maigida ne ko hadimi?



'Yar'uwa mai karatu, ko kin taɓa kwanciya a kan kujerar likitan haƙori? Idan kin taɓa, to kin san abin da nake nufi. An kwantar da ke, an haska miki fitila a fuska, bakinki a wangame, ƙarfe biyu ko uku a ciki, ba damar magana sai dai ki ɗaga hannu ko ki yi gurnani. Abin da ake yi miki a jikinki ake yi, amma ke kaɗai ce a ɗakin ba ki ganin wurin. Idan atamfa kika je saye, kina taɓawa, ki ja, ki ɗaga ta a rana, ki tambaya ko tana zuba. Idan tela ya ɓata miki ɗinki, da idonki za ki gani ki mayar masa. A nan kuwa mutum ɗaya ne zai faɗa miki abin da ke damunki, shi zai faɗi maganin, shi zai yanka kuɗin, idan kuma asibitin nasa ne, aljihunsa kuɗin zai shiga. In ya ce haƙoranki uku ne suka yi kogo, da wace hujja za ki ce masa ɗaya ne?

Wannan ya sa na daɗe ina juya wata tambaya a raina: mutumin da Allah ya ɗora a irin wannan matsayi, ga marasa lafiya a hannunsa, ga ma'aikata a ƙarƙashinsa, ga kuma jarin da ya zuba yana jiran riba, wane irin shugaba ya kamata ya zama? Kuma zai yiwu a ce mai wuri shi ne hadimin wurin, ko dai magana ce mai daɗin ji kawai?

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Wani turmin haƙorina na ƙasa ya taɓa hana ni barci kwana uku, na sa kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, na sha maganin kashe zafi har na gaji. A rana ta huɗu maigida ya ce haƙurin ya isa, ya kai ni wani asibitin haƙori mai zaman kansa a garinmu. Wurin ƙarami ne, kujera biyu, likitar mace ce, kuma ita ke da shi. Ta duba, ta ɗauki hoto, ta ce haƙori ɗaya ne ke bukatar ciko. Na nuna mata wani na sama da na ga ya yi baƙi a madubi, na ce a haɗa har da shi, kuɗin biyu na riƙo. Ta sake dubawa ta ce, “Malama, wannan bai rube ba, tabo ne. Ki riƙa gogewa da kyau, ki dawo bayan wata shida mu gani.”

Wannan ma ya isa abin lura, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne na bayansa. An yi min allura, leɓena ya yi nauyi, likita ta miƙa hannu za ta ɗauki kayan aiki, sai yarinyar da ke taimaka mata, wadda ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, ta ce, “Likita, tsaya. Wannan tiren bai gama dahuwa ba, wuta ta ɗauke ana tsaka da shi.” A gabana ta faɗa, ba raɗa. Na zuba ido in ga abin da zai biyo baya, don na san irin kallon da akan yi wa ƙarami idan ya gyara wa babba a gaban baƙo. Likita ta janye hannunta ta ce, “Madalla, Allah ya yi miki albarka. A tada janareta a sake.” Ta juyo ta ba ni haƙuri, muka zauna jira fiye da rabin awa, mutane na ta taruwa a waje, wani ma ya yi fushi ya tafi.

Ki lura da kyau, 'yar'uwa. Da yarinyar ta yi shiru, ba zan taɓa sani ba. Da likita ta harare ta ta ci gaba, mai yiwuwa in ɗauka rashin kunya ce irin ta yaran zamani. Lafiyata a ranar ta rataya ne a kan abu guda: yarinyar nan ta san cewa idan ta faɗi gaskiya ba za a ci mutuncinta ba. Ba ranar ta koyi hakan ba, watanni aka yi ana nuna mata.

Masu nazarin shugabanci a ƙasashen Turawa suna da suna da suke kiran irin wannan riƙo, wanda za mu iya cewa shugabancin hidima. Wanda ya yaɗa sunan wani Ba'amurke ne, Robert Greenleaf, da ya yi kusan shekara arba'in yana aiki a kamfanin tarho na AT&T, yana horar da manyan ma'aikata. Bayan ya yi ritaya, a 1970 ya fitar da wata maƙala a kan hadimi a matsayin shugaba. Ya ce tunanin ya zo masa ne daga wani ƙagaggen labari na marubucin nan Hermann Hesse, inda wata tawaga ke tafiya mai nisa tare da wani bara mai yi musu ƙananan ayyuka yana kuma ƙarfafa musu zuciya. Ranar da baran ya ɓace, tawagar ta watse. Sai daga baya aka gane ashe shi ne shugaban ƙungiyar da ta shirya tafiyar. Abin da Greenleaf ya ɗauko shi ne, akwai mai son mulki da yake yin hidima don ya samu mulkin, akwai kuma mai son hidima da shugabanci ya same shi a hanya. Ma'aunin da ya bayar kuwa a jikin mabiya yake: shin waɗanda ke ƙarƙashin mutumin nan suna ƙaruwa? Suna ƙara sani, suna ƙara tsayuwa da ƙafarsu, har su ma su fara yi wa wasu hidima? Kuma mafi rauni a cikin jama'a, ya amfana ko aƙalla ba a ƙara danne shi ba?

Na san kina cewa a ranki, yo ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gaskiyarki. Tun muna yara muke jin cewa Manzon Allah (SAW) ya ɗauki tubali tare da sahabbai lokacin ginin masallacin Madina, ya shiga rami ya yi haƙa da su a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, kuma a gida yana taya iyalinsa aiki. Maganar nan da ta shahara cewa shugaban mutane shi ne hadiminsu, malaman hadisi sun raunana isnadinta, amma sira ta cika da abin da ke tabbatar da ma'anarta. Bahaushe ma ya ce babba juji ne. Matsalarmu ita ce mun bar wannan a wa'azi da labarin sarakuna da halifofi, ba mu cika sauko da shi cikin shago da ofis da asibiti mai ɗaki uku ba, inda shugaban yake da mabiya biyar kacal: mai taimakawa, nas, akawu, mai shara da maigadi.

To a asibitin haƙori a ina ake gane hidima? A ganina ba a fara'a ake gane ta ba, don fara'a ba ta cin kuɗi, kuma an ce haƙorin dariya shi ke cizo. Ana gane ta ne a wuraren da hidimar ke jawo asara.

Wuri na farko shi ne lokacin faɗa wa mara lafiya abin da yake bukata. Kada ki ɗauka zato ne kawai irin na mutanen da ba su yarda da kowa ba. Wasu masu bincike a ƙasar Suwizalan sun gwada abin, aka buga sakamakon a 2020. Sun samu mutum ɗaya da aka riga aka duba bakinsa aka tabbatar ba ya bukatar ciko, suka tura shi wurin likitocin haƙori 180 a yankin Zurik, kowanne ya ɗauka mara lafiya ne kamar kowa. Fiye da ɗaya cikin huɗu suka ce a yi masa aikin da ba ya bukata. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, likitocin da ba su da layi mai tsawo, wato waɗanda kujerarsu ke yawan zama ba kowa, su suka fi yin haka. Wannan a ƙasa mai arziki da doka mai tsauri ke nan. Ba na kawo wannan don ki riƙa zargin kowane likita ba, don kusan uku cikin huɗu sun faɗa wa mutumin gaskiya suka sallame shi. Na kawo shi ne don ki ga cewa jarrabawar ta gaske ce, kuma tana ƙara ƙarfi ne daidai lokacin da kasuwa ta yi sanyi, kuɗin haya ya matso, albashin ma'aikata na jira.

Kuma haƙori ba farce ba ne da za a yanke ya sake fitowa. Babba yana da 32, kowanne sau ɗaya ake ba shi bayan na yarinta guda 20 sun zube. Duk abin da injin likita ya ƙwaƙule daga jikinsa ya tafi ke nan. Ciko ma ba ya dawwama, bayan shekaru yakan lalace a sake, kuma kowace sakewa ramin faɗi yake ƙarawa. Don haka cikon da ba a bukata, ban da kuɗin da aka ci na yau, ya ɗora wa mutum hidimar da zai yi ta bi har tsufansa. Magabata sun san da wannan. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, a littafinsa At-Tasrif ya yi gargaɗi kada a gaggauta cire haƙori sai an gwada duk wata dabara, ya kuma ja kunne cewa zafi kan ruɗi mara lafiya ya nuna lafiyayyen haƙori a cire, ciwon kuma yana nan, abin da ya ce ya ga masu ƙaho suna yi. Shekara dubu ke nan, amma kamar yau ya rubuta.

Wuri na biyu shi ne bayan labule, inda mara lafiya ba ya shiga. Kayan aikin haƙori suna taɓa jini da yawu kullum. Tafasa su a ruwa bai isa ba, don ruwa iyakarsa digiri 100, akwai kuma ƙwayoyin cutar da ke jure hakan. Shi ya sa ake sa su a wata tukunya ta musamman mai turara su da tururi mai matsi, a kai digiri 121 na aƙalla minti 15, ko 134 na 'yan mintuna, sannan a bari su bushe. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda a raye a jikin ƙarfe ko tebur. Tukunyar tana shan wuta, wuta kuma a wurinmu kin san labarinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 darajar naira kuma ta faɗi, mai ya yi tsada, kayan aikin da galibi daga waje ake kawo su sun yi tsada. Kowace safar hannu, kowace allura, kowane zagaye na tukunyar nan kuɗi ne, kuma babu wanda zai yaba wa likita a kansu, don ba a gani.

A 2013, a birnin Tulsa na jihar Oklahoma a Amurka, hukumar lafiya ta aika wa mutane kimanin 7,000 takarda su zo a gwada jininsu, saboda abin da aka tarar a asibitin wani likitan haƙori da ya haura shekara talatin yana aiki: kayan aiki masu tsatsa, tukunyar turara kaya da aka yi shekaru ba a gwada ingancinta ba, da mataimaka masu yin aikin da ba su da lasisin yi. Bincike ya tabbatar da cewa an ɗauki ciwon hanta nau'in C daga wani mara lafiya an sa wa wani a wurin. Duk lokacin da na tuna wannan labari, ma'aikatan nake tunawa. Ba likita kaɗai ke ganin tsatsa ba. Akwai mai wankewa, akwai mai jerawa, akwai mai miƙawa. Abin da ke zuciyar kowannensu Allah ne masani, amma a ko'ina a duniya, wurin da ƙarami ya san bakinsa zai yanka wuyansa, shiru yake yi.

Daga nan za ki ga dalilin da ya sa na ce hidimar likita ga ma'aikatansa da hidimarsa ga marasa lafiya igiya ɗaya ce. Likita yana da ido biyu ne, kuma duka biyun suna cikin bakin mutum. Sauran idanun asibitin na ma'aikata ne. Wanda ya tsorata su ya rufe idanun da kansa.

Yanzu bari mu saurari mai ja, don akwai shi, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Na tattauna wannan da wata 'yar'uwa mai ɗinki da yara takwas a shagonta, ta ce min, “Malama, ke dai faɗa kike. Ki sake wa yaran yanzu fuska ki gani. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Ranar da kika fara share shago da kanki, gobe tsintsiyar za su miƙo miki.” Na yi dariya, amma na san ta faɗi wani abu. Akwai ma'aikacin da ke ɗaukar sauƙin hali a matsayin rauni, ya fara makara, ya fara amsa waya ana tsaka da aiki, kuɗi su fara ɓacewa a aljihun tebur.

Sai dai ina ganin ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Hidima ga mutum ita ce yi masa abin da zai amfane shi, wanda sau da yawa ba shi ne abin da ransa ke so ba. Uwar da ke tashin ɗanta da asuba hidima take masa, ko da yana kuka. Likitar da ta kama mai taimaka mata tana tsallake wankin kaya ta kau da kai don kada a ce ta cika faɗa, kanta ta yi wa hidima, ta sayi zaman lafiyarta da jinin mutane. Mai hidima na gaskiya zai kira yarinyar gefe ya nuna mata, ya sake nuna mata, in ta ƙi gyarawa ya sallame ta, ya biya ta haƙƙinta cif, ba tare da ya tozarta ta ba. Bambancin yana wurin dalilin faɗan: an yi shi don aikin da mutanen da aikin ya shafa, ko don an taɓa girman maigida? Ma'aikata suna gane wannan fiye da yadda muke zato. Yaran ajinmu ma suna ganewa, balle manya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba a taɓa jin harshe ya bar baki don an cije shi ba.

Akwai kuma ja na biyu, wanda ya fi na farko zurfi, ni ma har yanzu yana min nauyi. A yau masu koyar da kasuwanci suna tallata shugabancin hidima a matsayin dabarar samun riba: kyautata wa ma'aikata don kada su gudu, faɗa wa mara lafiya gaskiya don ya dawo ya kawo danginsa. Kuma sau da yawa hakan ke faruwa. Ni kaina na tura mata fiye da biyar wurin likitar nan. To idan likita ya yi hidima don ya san tana kawo kasuwa, hidima ce ko talla?

Ba na ganin laifi a riba. Asibitin da ba ya riba rufewa zai yi, ma'aikata su koma gida, marasa lafiya su koma wurin mai cire haƙori a bakin kasuwa. Likitan da ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar gwajin aiki, ya ci bashi ya sayi kujera, yana da haƙƙin ya ci gumin sa, ya ciyar da iyalinsa da kyau. Neman halal ba ya ɓata niyya. Amma mu da muka san matsayin niyya a cikin aiki, mun san cewa mutum biyu za su yi abu iri ɗaya, ɗaya ya tashi da lada ɗaya ya tashi da kuɗi kawai. Kuma ko a nan duniya, wata rana asiri kan tonu, don akwai ranar da hidima da riba ke rabuwa. Tsohuwa ta zo daga ƙauye da kumburarren kumatu, kuɗinta bai kai ba, ba za ta taɓa kawo wani mai kuɗi ba, ba ta san yadda ake yabon asibiti a waya ba. Ko kuma likita ya yi kuskure, ɗan ƙarfe ya karye a cikin jijiyar haƙori, abin da kan faru har da ƙwararru, kuma mara lafiya ba zai sani ba sai an faɗa masa. Wanda ya ɗauki hidima dabara, a ranar zai ajiye ta, don lissafi bai ba da ita ba. A wannan rana ce kawai za a san wane ne wane, kuma yawanci ba mai kallo sai ma'aikatan nan biyar da Allah.

Ban ce dole likita ya yi wa kowa aiki kyauta ba. Amma tsakanin kyauta da kora akwai fili mai faɗi: a kashe mata zafin, a faɗa mata gaskiyar abin da ke damunta, a nuna mata asibitin gwamnati da za ta samu sauƙi, a rubuta mata takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma uku cikin huɗu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Irin tsohuwar nan su ne mafi yawa, ba masu zuwa a ƙara wa haƙoransu haske ba.

Sai batun albashi, wanda ba na son in wuce shi da sauri, don a nan ne kalmomi masu daɗi suka fi saurin narkewa. Za ki ji mai wuri na cewa “mu nan iyali ɗaya ne”, alhali mai shara ta yi wata biyu ba ta ga kuɗinta ba, shi kuwa ya sauya mota. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kin ga ke nan ƙaramin asibitin haƙori yana wajenta. Abin da za a ba mai shara da maigadi, da ranar da za a ba su, ya rage tsakanin mai wuri da zuciyarsa. Haka kuma allurar riga-kafin ciwon hanta ga masu wanke ƙarafa masu kaifi, da safar hannu mai kauri, da hutun haihuwa ga mace, da ba ta damar sallah a kan lokaci ko da layi ya yi tsawo. Shugaban da watan ya zo da ƙunci ya fara biyan na ƙasa ya jinkirta nasa, ya yi wa'azin da ya fi awa guda na taron ma'aikata.

Mafi wuya a cikin duka, a ganina, shi ne koyarwa. Mun san halin wasu masu sana'a a wurinmu, a ɓoye wa yaro sirrin aiki don kada ya ƙware ya buɗe nasa. Tsoron ba na ƙarya ba ne: ki koya wa yarinya aiki shekara uku, ranar da ta fara amfani ta ce ta samu wani wuri. Amma idan ma'aunin shi ne ko na ƙasa suna ƙaruwa, to tafiyarta da ilimi a hannu ba asara ba ce, shaida ce. Wanda ya riƙe mutum shekara goma yana miƙa auduga, bai ƙara masa komai ba don kada ya tashi, ya yi amfani da shi ne kamar yadda yake amfani da kujerar.

Kada kuma a fahimci hadimi da bawa. Na faɗi haka musamman saboda 'yan'uwanmu mata likitoci, waɗanda ke tashi daga asibiti su tarar da wata hidimar a gida. Aikin haƙori aiki ne na sunkuyo, yana cin wuya da baya. Likitar da ba ta iya cewa “yau mun rufe” ba, wadda kowane ɗan'uwa da maƙwabci ke da haƙƙin aiki kyauta a kanta, wata rana hannunta zai yi rawa a bakin wani. Hutunta yana cikin haƙƙin marasa lafiyarta.

Wataƙila kina cewa, ni da ba likita ba, ina ruwana? Ruwanki yana nan. Idan maigidanki ne ke da irin wannan wuri, ko ɗanki, ko 'yarki, ki sani cewa matsin da ake yi masa a gida yana bin sa har kujera. Ranar da kika ce masa wance mijinta ya gina bene shi yana nan yana wa mutane ragi, ba ki san bakin wa maganarki za ta sauka ba gobe da safe. In ya dawo ya ce yau ya mayar da mutum biyu don ba su bukatar aiki, amsar da kika ba shi tana cikin abin da zai sa ya sake ko ya daina. Idan kuma ke ce mara lafiya, kina da haƙƙin ki ce a nuna miki hoton, a yi miki bayani da Hausa, a faɗa miki abin da zai faru in an jinkirta, kuma in aikin babba ne ki nemi ra'ayin wani likita. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Sannan ki riƙa kallon yadda yake magana da mai taimaka masa, da yadda ita take amsa masa.

Bayan wata shida na koma kamar yadda aka ce. Tabon nan yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, likita ta ce in ci gaba da buroshi da asuwakina. Ban ga yarinyar ba, sai wata sabuwa da ke ta laluben inda ake ajiye kaya. Na tambaya, likita ta ce ta tafi makarantar koyon aikin kula da haƙori, ita ce ma ta cika mata takardun. Na ce, “To ai kin rasa hannun damanki.” Ta ce, “Ƙwarai kuwa, Malama, yanzu komai sai na duba sau biyu.” Sannan ta juya wurin sabuwar ta ɗauko tire, ta fara nuna mata layin da ke sauya launi a jikin ledar kayan aiki idan sun dahu, ta ce mata in ba ta ga ya sauya ba ta faɗa, ko wa ke kan kujera.